Me Ya Sa Klorin Ke Jiran Hasken Rana Kafin Ya Taɓa Metan?

A zuba iskar metan da iskar klorin cikin kwalba ɗaya, a toshe bakinta, a ajiye ta a ɗaki mai duhu. Za ta kwana, ta yi mako, babu abin da zai faru. A fito da ita gindin bishiya inda haske ke ratsowa kaɗan-kaɗan, sai launin klorin, rawaya mai sirkin kore, ya fara dusashewa, ɗigon wani ruwa mai kama da mai ya soma taruwa a jikin kwalbar. Idan kuwa aka dasa ta a tsakiyar rana irin ta watan Afrilu a Shinkafi, tana iya tarwatsewa da ƙara, ta bar baƙar ƙurar kabon da hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro.

Duk ɗalibin kimiyya da ya kai aji biyu na babbar sakandare ya haɗu da wannan labari a darasin kemistiri, kuma yana cikin abubuwan da ake karantawa don jarrabawar WAEC da NECO. Yawancin ɗalibai haddace shi suke yi kamar karatun allo:

CH₄ + Cl₂ → CH₃Cl + HCl

Hadda tana da rana, amma tana barin tambayoyi a buɗe. Me ya sa sai da haske? Me ya sa buromin, ɗan'uwan klorin, ke jan ƙafa? Me ya sa ayodin ke ƙin yi sam? Amsar duka tana cikin lambobi kaɗan da ake tarawa a ɗebe. Wannan albishir ne ga ɗaliban Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda ba kowace makaranta ke da ɗakin gwaji mai kaya ba, inda kuma rashin tsaro ya sha katse karatu, kamar a 2021 da gwamnatin jihar Zamfara ta rufe makarantu. Wannan darasi fensir da bayan takarda kawai yake buƙata. Gwajin kansa ma ba na yi a gida ba ne, domin klorin guba ce. Shi ya sa ake hana haɗa ruwan bilic na wanki da sinadarin wanke banɗaki mai asid, don haɗin iskar klorin yake saki.

Tsinkewa saye ne, ƙullawa sayarwa

Ƙwayoyin zarra a cikin molekul suna riƙe da juna ta hanyar ɗauri, wato ilektaron biyu da suka yi tarayya a kai. A metan, kabon ɗaya ne a tsakiya da haidurojin huɗu, kowanne da ɗaurinsa. A iskar klorin, zarra biyu ne da ɗauri ɗaya a tsakaninsu. Makamashin ɗauri shi ne yawan makamashin da za a kashe kafin a tsinke mol ɗaya na wannan ɗauri a cikin iska, kuma ana auna shi da kilojul a kowane mol. Mol ɗaya na metan giram 16 ne, na iskar klorin giram 71.

A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, don haka ku nutsu. Tsinke ɗauri bai taɓa ba da makamashi ba, ci yake yi. Ƙulla sabon ɗauri ne ke sakin makamashi. Wani zai ce, to ai itace idan yana ci da wuta tsintsinkewa yake yi, kuma ga zafi yana fita. Gaskiya ne ɗaure-ɗauren itacen na tsinkewa, sai dai zafin da ke dafa tuwo daga sababbin ɗaure-ɗaure yake fitowa, waɗanda kabon da haidurojin ke ƙullawa da iskar oksijin. Sababbin sun fi tsofaffin ƙarfi, rarar ce ke fita a matsayin zafi.

Ku ɗauki ɗan kasuwa da ya shiga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Da safe ya fitar da kuɗi ya sayi kaya, da yamma ya sayar ya karɓi kuɗi. Tsinke ɗauri shi ne sayen safe, ƙulla ɗauri shi ne cinikin yamma. Canjin entalfi, wanda za ku gani a takardar jarrabawa da alamar ΔH, lissafin ƙarshen yini ne:

ΔH = jimillar ɗaurin da aka tsinke − jimillar ɗaurin da aka ƙulla

Idan amsar ta fito da alamar ɗebewa, abin da aka samu ya fi abin da aka kashe, rarar ta fita waje, sauyin mai fitar da zafi ne. Idan ta fito da alamar tarawa, an kashe fiye da abin da aka samu, sauyin mai shan zafi ne. Abin da ya halatta mana yin wannan lissafi shi ne dokar Germain Hess, wanda ya wallafa ta a 1840 a birnin San Fitasbag na Rasha. Dokar ta ce canjin entalfi bai damu da hanyar da aka bi ba, mafari da maƙura kawai ya sani. Don haka muna iya ƙaddara cewa an fara tsinke ɗaure-ɗauren sannan aka ƙulla sababbi, ko da a zahiri ba haka abin ya gudana ba.

Ga lambobin da za mu yi aiki da su, duk a kilojul a kowane mol. Ɗaurin CH₃–H shi ne 439, Cl–Cl 242, CH₃–Cl 350, H–Cl kuma 431. An tsinke C–H ɗaya da Cl–Cl ɗaya, 439 da 242, sun zama 681. An ƙulla C–Cl ɗaya da H–Cl ɗaya, 350 da 431, sun zama 781. A ɗebe 781 daga 681, amsa −100. Ku lura, sauran ɗaurin C–H uku da ba a taɓa ba, ba su shiga lissafi ba. Wanda ya saka su a ɓangarorin biyu zai sami amsa ɗaya, ɓata lokaci kawai ya yi.

Kilojul 100 zai iya ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da kusan digiri 24. Ba wani abin a zo a gani ba ne idan aka kwatanta da kilojul 890 da ake samu in an ƙona mol ɗaya na metan a risho, amma dai riba ce. To tunda akwai riba, me ya hana cinikin ƙulluwa a cikin duhu?

Gwauron ilektaron

Abin da ya hana shi jari ne. Dole wani ɗauri ya fara tsinkewa, kuma a zafin ɗaki molekul ba su da makamashin yin hakan. Hasken rana ne ke kawo jarin. A cikin kwalbar, ɗaurin da ya fi araha shi ne na Cl–Cl mai 242. Haske shuɗi mai sirkin kore, mai tsawon zango kusan nanomita 494, yana ɗauke da daidai wannan makamashi, shuɗi da wanda ya fi shi gajeren zango kuwa sun ma zarce. Ɗaurin C–H mai 439 sai haske mai gajeren zango kamar nanomita 272, wanda ido ba ya gani, kuma iskar ozon da ke can sama tana tare irinsa kafin ya iso ƙasa. Komai zafin ranar Zurmi, klorin za ta tsinke, ta bar metan.

Cl₂ → Cl• + Cl•   ΔH = +242

Ɗigon nan da ke gefen Cl alama ce ta ilektaron ɗaya da ya rasa abokin zama. Gwauro ne, kuma ba ya zama lafiya sai ya sami abokin tarayya. Zarra ko gungun zarra mai irin wannan ilektaron shi ake kira radikal. Masana sun daɗe suna musun cewa radikal mai kabon na iya wanzuwa shi kaɗai, har sai da Moses Gomberg ya samar da wani a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 1900. Radikal ɗin metil, CH₃•, wanda ya fi shafar mu a nan, Fritz Paneth ne ya tabbatar da shi a Jamus a 1929, shekarar da layin dogo daga Zariya ya iso Ƙauran Namoda. Ke nan wannan ilimi tsaran tashar jirginku ne.

Da gwauron klorin ya ci karo da metan, sai ya fizge haidurojin ɗaya:

Cl• + CH₄ → HCl + CH₃•

An tsinke C–H mai 439, an ƙulla H–Cl mai 431. ΔH ya zama +8. An yi asara, amma 'yar ƙarama ce, wadda kai-komon molekul a zafin ɗaki ke iya biya. Yanzu gwauranci ya koma kan metil, shi kuma sai ya afka wa molekul ɗin klorin da bai tsinke ba:

CH₃• + Cl₂ → CH₃Cl + Cl•

An tsinke Cl–Cl mai 242, an ƙulla C–Cl mai 350. ΔH ya zama −108. Ku tara +8 da −108, za ku ga −100 ɗin da muka samu ɗazu ta dawo. Wannan hanya ce mai kyau ta duba aikinku a ɗakin jarrabawa: idan matakan yaɗuwa biyu ba su ba da jimillar farko ba, akwai kuskure a wani wuri.

Ku kuma dubi ƙarshen mataki na biyu. Cl• da aka kashe a mataki na farko ya sake fitowa, zai kama wani metan, a sake zagayowa. Haske sau ɗaya ya biya 242, amma zagayen na iya maimaituwa sau dubbai. Shi ya sa ba a saka +242 na matakin farawa a cikin jimillar ΔH. Ɗalibai na yawan saka shi su sami +142, su ce sauyin mai shan zafi ne, maki ya tafi. Walther Nernst ne ya kawo bayanin irin wannan sarƙa a 1918, lokacin da yake nazarin haɗuwar haidurojin da klorin a cikin haske. A tsakar rana sarƙoƙi masu ɗimbin yawa ke tashi lokaci guda, zafi ya taru fiye da yadda zai iya fita, abin da ke fasa kwalba ke nan.

Sarƙa na yankewa ne idan gwauraye biyu suka haɗu: Cl• da Cl•, ko Cl• da CH₃•, ko CH₃• da CH₃•. Na ƙarshen yana ba da etan, C₂H₆, kuma ana samun ɗan burbushinsa a cikin kwalbar. Tunda babu wanda ya zuba etan a ciki, samunsa shaida ce cewa radikal ɗin metil ya wanzu. Duk matakan ƙarewa zafi suke fitarwa, domin ƙullawa ce zalla babu tsinkewa.

'Yan gida ɗaya, hali daban

Daɗin wannan lissafi yana fitowa ne idan aka jera 'yan gidan halojin huɗu. Mu fara da buromin: Br–Br 194, H–Br 366, CH₃–Br 294. An kashe 439 da 194, wato 633. An samu 294 da 366, wato 660. ΔH ya zama −27. Akwai riba, ko da ba ta da yawa. Wanda ya tsaya a nan zai ce buromin zai yi aiki kamar klorin, musamman da yake ɗaurin Br–Br ya fi sauƙin tsinkewa. Amma ku raba shi mataki-mataki. Na farko 439 a ɗebe 366, +73. Na biyu 194 a ɗebe 294, −100. Matsalar tana matakin farko. Tudun da klorin ke hawa a +8, buromin sai ya hau aƙalla +73, kuma kaɗan ne daga cikin karon da molekul ke yi ke da wannan makamashi. Haske zai samar da Br• da yawa, amma yawancinsu za su yi ta karo da metan suna komawa hannu rabbana. Sai an ƙara zafi sosai abin ke tafiya.

A ganina wannan ne darasi mafi tsada a babin nan gaba ɗaya. Jimillar ΔH tana faɗa muku ko akwai riba a ƙarshe. Ba ta faɗa muku saurin tafiya. Mataki mafi wuya ne ke yanke wannan hukunci, kamar yadda motar da ta tashi daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi da damina, wurin da hanya ta fi lalacewa ne ke ƙayyade lokacin isarta.

Ayodin: I–I 152, H–I 298, CH₃–I 239. Mataki na farko +141, na biyu −87, jimilla +54. Tudu mai tsawo, kuma ko an haye asara ce. Ba a samun CH₃I ta wannan hanya, hasali ma akasin sauyin ne ya fi son faruwa, HI ya mayar da CH₃I metan. Fulorin kuwa ya wuce gona da iri: F–F 159, H–F 570, CH₃–F 460. Mataki na farko −131, na biyu −301, jimilla −432. Duk matakan biyu gangara ce, ko a duhu yana iya fashewa.

Ku jera matakan farko ku gani: −131, +8, +73, +141. Ɗaurin C–H bai canja ba, 439 ne a kowane layi. Abin da ke canjawa shi ne ƙarfin ɗaurin haidurojin da halojin, daga 570 zuwa 298. Layin da ake haddacewa cewa fulorin ya fi klorin zafin nama, klorin ya fi buromin, buromin ya fi ayodin, ga tushensa nan a fili.

Jan ƙafar buromin na da amfaninsa. Gas ɗin girki na tukunya haɗin furofen ne da butan. A furofen, C₃H₈, haidurojin biyu na kabon ɗin tsakiya sun fi shida na gefe sauƙin cirewa: ɗaurinsu kusan 410 ne, na gefe kuwa ya ɗan haura 420. Klorin mai gaggawa ne, wanda ya samu yake kamawa, sai a sami kusan kashi 45 a gefe da kashi 55 a tsakiya. Buromin da yake jarinsa kaɗan ne, mai araha yake nema, kusan kashi 97 na abin da yake samarwa a tsakiya ne.

Gargaɗi biyu kafin jarrabawa. Na farko, littattafai sun bambanta a lambobi. Wani zai ba ku 413 a matsayin C–H, domin matsakaici ne da aka ɗauko daga molekul iri-iri, alhali 439 na ɗaurin farko ne na metan kaɗai. Da matsakaitan lambobi amsar klorin kan fito kusa da −100, ba lallai daidai ba. Ku yi amfani da lambobin da aka ba ku a takardar tambaya, kada ku kawo na ka. Na biyu, makamashin ɗauri na iska ne. Buromin ruwa ne a zafin ɗaki, ayodin kuma daskararre, don haka lissafinmu ya ɗauka an riga an mayar da su tururi.

Daga kwalba zuwa shagon mai gyaran firji

Sauyin ba ya tsayawa a CH₃Cl. Gwauron klorin na iya ci gaba da cire haidurojin ɗaya bayan ɗaya, a sami CH₂Cl₂, sannan CHCl₃, sannan CCl₄. Su ne ɗigon nan mai kama da mai a jikin kwalba. CHCl₃ shi ne kulorofom, wanda likita James Young Simpson ya fara sa wa marasa lafiya don gusar da jin zafi a Edinbara a 1847, kafin a daina saboda illarsa ga zuciya da hanta. A yau daga gare shi ake bi a yi Teflon, rufin da ke hana abinci kama kasko. Daga CCl₄ kuma aka riƙa yin CCl₂F₂, iskar sanyaya firji da masu gyara suka sani da R-12.

Ku tambayi duk wani tsohon mai gyaran firji a Ƙauran Namoda ko Gusau, zai gaya muku da R-12 aka saba, yanzu kuwa R-134a da R-600a ake ɗurawa. Dalilin canjin yana cikin lambobin da ke hannunku. R-12 ba ya ci da wuta, ba ya haɗuwa da komai a nan ƙasa, sai ya yi ta tashi har ya kai inda ozon yake. A can akwai hasken nan mai gajeren zango da ba ya isowa gare mu. Molekul ɗin na da ɗaurin C–F da na C–Cl, kuma kun ga 460 da 350, kun san wanda zai fara tsinkewa. Cl• ya fita, ya fizge oksijin ɗaya daga ozon, O₃, ya zama ClO•, sannan ClO• ya haɗu da zarrar oksijin ya saki Cl• ya koma aiki. Sarƙa ce irin ta kwalbarmu, kuma zarra ɗaya na iya lalata dubun-dubatar molekul na ozon.

Mario Molina da Sherwood Rowland ne suka yi wannan gargaɗi a 1974. A 1985 masu bincike na Birtaniya suka ba da rahoton ɓular ozon a saman Antaktika, ranar 16 ga Satumba 1987 aka sa hannu a yarjejeniyar Montiriyal, aka kuma ba ƙasashe masu tasowa, har da Najeriya, zuwa 2010 su daina amfani da irin waɗannan iskoki. Molina da Rowland da Paul Crutzen sun karɓi kyautar Nobel a 1995. R-134a da R-600a ba su da klorin ko ɗaya. Sai dai R-600a ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta, shi ya sa mai gyara mai hankali ba ya kunna wutar walda kusa da firjin da ke yoyo.

Masu burin shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau don karanta kimiyya, za su sake haɗuwa da wannan lissafi tun a shekarar farko. Ga aikin wannan mako. Etan da klorin: C₂H₆ + Cl₂ → C₂H₅Cl + HCl. Ɗaurin C₂H₅–H 421 ne, C₂H₅–Cl 352, sauran biyun kuna da su a sama. Ku rubuta matakan yaɗuwa biyu, ku fitar da ΔH na kowanne, ku tara. Jimillar da ya kamata ku samu ita ce −120. Daga nan ku dubi alamar da ke gaban matakin farko, ku kwatanta da +8 na metan, ku faɗi wanda klorin zai fi saurin kamawa idan aka zuba metan da etan a kwalba ɗaya.